Yadda na'urorin intanet ke gane hanya ta mutu

A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. Sadarwa ta yi rauni a Najeriya da Ghana da Laberiya, amma ba ta tsaya cik a Najeriya ba, domin an karkatar da saƙonni zuwa wayoyin da suka tsira. Kafin a karkatar da su, dole wata na'ura ta fara gane cewa tsohuwar hanya ta yanke.

Wannan na'ura ita ce rauta. Tana zaune a mararraba, tana da ƙofofi da dama, kowace a haɗe da wata maƙwabciya. Binciken farko mai sauƙi ne: idan haske ko lantarki ya ɗauke a cikin waya, rauta za ta rufe ƙofar nan take. Sai dai waya kan kasance lafiya lau alhali na'urar da ke ɗaya ɓangaren ta daskare.

Saboda haka rautoci ke aika wa juna gajeriyar sallama a kai a kai. A tsarin OSPF, wanda ake amfani da shi a cikin kamfani guda, bisa al'ada ana yin sallamar duk daƙiƙa 10, kuma shirun daƙiƙa 40 na nufin maƙwabciya ta mutu. A tsarin BGP, wanda ke haɗa kamfanoni da ƙasashe, na'urorin Cisco kan yi sallama duk daƙiƙa 60, su jira har 180. Minti uku ya yi wa bankuna da masu kiran waya yawa, shi ya sa a 2010 aka fitar da ƙa'idar BFD, mai gano yankewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Irin wannan bincike kan jawo nasa bala'in. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, wani kuskure ya raba na'urorin Facebook da rumbunan bayanansa. Da suka ji shiru, sai suka janye sanarwar hanyoyinsu kamar yadda aka tsara musu, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace na kusan sa'o'i shida.

Abin da ya shafi mai bin siyasa shi ne, janye hanya a BGP ba ya ɓoyuwa, domin rauta kan sanar da maƙwabtanta, labarin ya zagaya duniya. Lokacin da gwamnatin Hosni Mubarak ta katse intanet a Masar a ƙarshen Janairun 2011, masu sa ido a waje sun ga dubban hanyoyin ƙasar sun ɓace kusan lokaci guda, ba tare da wata waya ta tsinke ba. Ba kowace toshewa ce ke barin irin wannan sawu ba, amma duk ranar da hukuma ta ce matsalar na'ura ce, akwai bayanan da ɗan jarida zai duba kafin ya yarda.