Haɗeja, Birni Mai Ganuwa

Yara, in mutum ya tashi daga Jahun ya nufi arewa maso gabas, sai ya yi ta ratsa gonaki da fadamu har ya isa wani tsohon birni a bakin kogi. Sunan birnin Haɗeja. Yau za mu ji labarin wannan birni, da ganuwarsa, da sarakunansa, da abubuwan da baƙo zai gani in ya je.

Mutanen dā sun ce wani maharbi mai suna Haɗe shi ne ya fara zama a wurin, shi da matarsa Jiya. Suka ga ga ruwa, ga kifi, ga namun daji, sai suka kafa bukka. Kowa zai tafi wurinsu sai ya ce, "Za ni wajen Haɗe da Jiya." Yau da gobe sunayen biyu suka zama ɗaya, watau Haɗejiya, ko Haɗeja. Wannan labari ne na baka, wanda kakanni suka bar wa jikoki.

A zamanin nan ƙasar ba a hannun sarki ɗaya take ba. Ƙananan sarakuna ne, kowa da garinsa, kamar su Auyo, da Haɗeja, da Garun Gabas. Garun Gabas ita ce Biram, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Dukansu suna kai gaisuwa Barno ta hannun Galadiman Barno, wanda ke zaune a Nguru.

Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ta da jihadi a 1804, sai Fulanin wannan ƙasa suka bi shi. Shugabansu Umaru ne, shi da ƙanensa Sambo. Bayan rasuwar Umaru, Sambo ya hau sarauta a 1808. Shi ne ya shiga Haɗeja ya mai da ita babban birnin ƙasar, ya faɗaɗa ta, ya yi mulki har 1845.

To, me ya sa mutanen dā suke kewaye garinsu da ganuwa? Dalili shi ne tsoron hari. A lokacin nan mahara sukan faɗa wa ƙauye da asuba, su kore shanu, su kwashe hatsi, su kama mutane su sayar. Wanda ke cikin ganuwa kuwa sai ya yi barci da minshari. In aka ji labarin yaƙi, mutanen ƙauyuka sukan kwaso 'ya'yansu da dabbobinsu su shige birni, a rufe ƙofofi.

Ganuwa ba da dutse ake gina ta ba a ƙasarmu, da jar ƙasa ake yi. A haƙa ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa, a yi tubali, a jera, a yaɓe. Gindinta yana da kauri ƙwarai, tana hawa tana sirancewa. Ramin da aka ɗebi ƙasar a bayanta shi ma ya zama kariya, gama dokin abokin gāba ba ya iya tsallake shi, balle in an bar ƙaya ta tsiro a ciki. Ta ciki kuma akan yi badala, inda 'yan baka ke tsayawa su yi harbi. Kowace ƙofa tana da ƙyaure mai nauyi da sarkin ƙofa. Shi ke rufewa in dare ya yi, shi ke buɗewa da safe. Daga cikin ƙofofin Haɗeja akwai Ƙofar Arewa, da Ƙofar Gabas, da Ƙofar Yamma, da Ƙofar Mandara.

Amma ku lura da abu guda. Ginin ƙasa ba ya son ruwa. Kowace damina sai ta zaizaye wani wuri. Saboda haka in kaka ta yi, an gama girbi, sai sarki ya sa a yi shela, mutane su fito gayya, kowace unguwa ta gyara rabonta. Ba a barin tsaga ko ƙanƙanuwa, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ashe ƙarfin ganuwa ba a tubali kaɗai yake ba, yana ga haɗin kan masu ita.

A cikin sarakunan Haɗeja babu wanda sunansa ya kai nesa kamar Buhari ɗan Sambo. Ya hau sarauta a 1848. Ba a daɗe ba suka saɓa da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, aka tuɓe shi, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Buhari ya fita, ya tara mayaƙa, ya komo a 1851 ya ƙwace garin. Aka aiko da runduna babba daga Sakkwato da Kano don a kama shi, amma ya fatattake ta a Kafur. Daga nan ya zauna yana cin gashin kansa har ƙarshen ransa.

Buhari jarumi ne, babu mai musun wannan. Amma yaƙe-yaƙensa sun jawo wa talakawa wahala mai yawa. Dakarunsa sun yi ta kai hari a gabashin ƙasar Kano, kuma a lokacin Jahun tana cikin ƙasar Kano. Garuruwa da yawa sun watse, gonaki sun koma daji. A 1863 ya tafi yaƙi ƙasar Bade, aka harbe shi a Gogaram, ya rasu. Wanda ke karatun tarihi ya kamata ya riƙe duka biyu, jaruntakar sarki da kukan talaka.

Bayan shekaru sai ga wani abokin gāba wanda ganuwa ba ta san irinsa ba. Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Sarkin Haɗeja a lokacin shi ne Muhammadu ɗan Haruna, wanda ya hau gado a 1885. Shekara uku ana zaman doya da manja tsakaninsa da Turawa. A 1906 suka taso masa da sojoji da manyan bindigogi. Suka aika masa ya miƙa wuya, ya ƙi. Ran 25 ga Afrilu aka gwabza. Mutanen Haɗeja suka fito bisa dawakai, da takubba da māsu da kibau, amma ina takobi ina bindiga mai ruwa? Aka yi ta yaƙi cikin gari, lungu-lungu, har aka kai fada. Nan Sarki Muhammadu ya faɗi, tare da jarumansa masu yawa. Shi ya sa har yau ake kiransa Mai Shahada.

Tun daga ranar nan aikin ganuwa ya ƙare. Aka daina gayyar gyara. Ruwa ya ci rabonsa, masu gini suka ɗebi ƙasa, gari kuma ya yi girma ya tsallake ta. Yanzu mafi yawanta ta rushe, sai sunayen ƙofofi suka rage a bakin mutane.

Duk da haka baƙo ba ya rasa abin kallo. Akwai fadar sarki da babban masallaci. Sarki Adamu Abubakar Maje ya hau gadon kakanninsa a 2002. Ranar hawan Salla za ka ga dawakai da ado, ka ji tambari da kakaki da algaita, kamar an komo da zamanin dā. Akwai kuma kabarin wani Bature, Kyaftin Filibs, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Mai Tumbi. A kasuwa kuwa ga kifi ɗanye da banda, ga shinkafa, ga riɗi, ana loda wa motoci zuwa garuruwa masu nisa.

Uwar wannan arziki ita ce kogi. Kogin Kano da Kogin Calawa su suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja. Yana wucewa ta Wudil da ƙasar Ringim, ya iso Haɗeja, sa'an nan ya bazu cikin fadamu wajen Nguru. Can gaba ya gamu da Kogin Jama'are, ruwansu ya nufi Tafkin Cadi. In sanyi ya kama a Turai, tsuntsaye dubbai sukan taso su ƙetare hamada su sauka a fadamun nan, musamman wajen Baturiya. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, tafiyar ruwan ta sauya. Wata shekara kuma kogin yakan yi ambaliya ya ci gonaki da gidaje, sai mutane su fito gayya su yi jinga da buhunan ƙasa, kamar yadda kakanninsu suka fito gyaran ganuwa.

To, yara, in Allah ya kai ɗayanku Haɗeja, ya tambayi dattawa su nuna masa inda ganuwa ta bi, gama gani ya kori ji. In kuwa akwai tsohuwar ganuwa a garinku, kada ku haƙa ta, kada ku zuba mata shara. Ƙasar da aka ɗebe daga jikinta ba ta komowa, kuma ƙannenku ma suna so su gani.

Tambayoyi

1. Yaya aka ce Haɗeja ta samo sunanta?
2. Me ya sa mutanen dā suke gina ganuwa?
3. Don me ake gyaran ganuwa kowace shekara?
4. Wane sarki ake kira Mai Shahada, kuma me ya sa?
5. Waɗanne koguna ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja?