Kafin Ka Sauya Tayar Mashin Ɗinka, Karanta Abin Da Ke Rubuce A Jikinta

Ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta isa su saurara ba.

Yau maganar taya za mu yi. Na san wani zai ce duk matsalolin da ke damun Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, sai taya? To ka tambayi wanda ya taɓa yin faci tsakanin Ƙanƙara da Sheme da la'asar sakaliya, babu gari kusa, babu mai faci. A wani wurin faci ɓata lokaci ne kawai. A yankinmu, tsayuwar minti talatin a inda bai kamata ba tana iya zama maganar rai. Kun tuna a watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe wannan hanyar ga motocin haya saboda tsaro, ta kuma hana ɗaukar mutum uku a babur. Mashin shi ne motar asibitinmu, shi ne motar kasuwa, shi ke kai taki gona.

Da yawanku kuna kallon bidiyon masu yawon duniya a manyan babura irin BMW GS da Honda Africa Twin, ko labarin Kunle Adeyanju da ya taso daga Landan zuwa Legas a babur a 2022. Waɗannan mutanen suna da wata al'ada da nake so mu ara. Kafin su sayi taya sai sun yi lissafi: kashi nawa na tafiyata kwalta ne, kashi nawa jeji? Har lamba suka ba abin. Taya 90/10 ta mai yawan bin kwalta ce, 50/50 ta mai raba tafiyarsa biyu. Mu Boxer da Jincheng muke hawa, amma wallahi ɗan acaɓan da ke shiga ƙauyukan Sabuwa a watan Agusta ya fi yawancinsu ganin taɓo.

To yi naka lissafin. Idan aikinka Funtuwa zuwa Ɗandume ne, ko Ƙanƙara zuwa Malumfashi, kan kwalta, taya mai ƙananan zane ta fi maka. Robarta da yawa ke taɓa ƙasa, birki ya fi kamawa, kuma ta fi daɗewa. Idan kuwa kullum kana sauka daga titi ka bi burji da turɓaya da laka, mai manyan haƙora kake buƙata, domin haƙoran ne ke nutsewa su kama ƙasa, ratar da ke tsakaninsu kuma ta zubar da taɓon da ya maƙale. Mai ƙananan zane da ta shiga laka sai zanen ya cike, ta koma kamar sudaddiya, kana ba da wuta tana juyawa a wuri ɗaya. Amma ita ma mai haƙoran tana da nata farashin: a kwalta tana gunji, tana saurin cinyewa, kuma idan an yi ruwa birkinta bai kai na ɗayar ba. A ganina, ka duba wurin da ya fi muni a hanyar da kake bi duk mako, wurin da idan ka maƙale babu mai taimakonka, ka saya domin wannan wurin.

Yanzu mu zo kan rubutun da ke gefen taya, wanda yawancinmu ba mu taɓa durƙusawa mun karanta ba.

Za ka ga wani abu kamar 2.75-17 ko 3.00-17. Lambar farko faɗin tayar ce a inci, ta biyu girman wilin da za ta hau. Wilin inci 17 ba ya karɓar tayar 18, duk ƙwarewar mai faci. Kuma don Allah samari, ku daina cusa wa baya ƙatuwar taya don mashin ya yi kyau a hoto. Idan faɗinta ya wuce abin da wilin zai ɗauka, siffarta na canzawa, tana iya gugar sarƙa, kuma a kwana za ka ji mashin ɗin yana maka gardama.

Bayan girman akwai wata lamba da harafi, misali 50P. Wannan ita ce aka fi yi wa rikon sakainar kashi, alhali ita ta fi shafar mu. Lambar tana nuna nauyin da tayar za ta iya ɗauka: 41 kilo 145 ne, 45 kilo 165, 50 kilo 190, 52 kilo 200. Harafin kuma iyakar gudu ne, P na nufin kilomita 150 a awa, L kuma 120. Gudun bai dame mu ba, wa zai yi 150 a hanyar Yankara? Nauyin ne abin dubawa. Ɗora buhun masara biyu mai kilo ɗari-ɗari ranar kasuwar Sheme, ga kai kanka, ga mashin ɗin da shi ma ya haura kilo ɗari, kuma mafi yawan wannan nauyin a tayar baya yake sauka. Ka ninka abin da aka yi ta domin shi, ko kusa da haka. Taya mai ɗauke da fiye da ƙarfinta zafi take yi daga ciki, zaren jikinta ya riƙa saki, ranar da za ta fashe kuma ba ta sallama. Idan lodi ne sana'arka, nemi mai lamba babba, ka kuma duba inda aka rubuta 4PR ko 6PR. Mai 6 ta fi ƙarfin jiki, ta fi jure ƙaya da tsakuwa.

Sai shekarun haihuwa. Eh, taya ma tana da su. Nemi lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, galibi a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, musamman wadda aka rataye a bakin shago rana na dukanta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take faɗa wa direbobi. Kamfanin Michelin kuma ya ce daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, a shekara goma a cire ko da zanenta bai ƙare ba. Ko wanne ka bi, kada ka biya kuɗin sabuwa a ba ka wadda ta shekara uku a shago. Lanƙwasa gefenta da hannu. In ka ga ƙananan tsaga-tsaga, ajiye musu abarsu.

Wannan ya kawo mu ga gwanjo. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008, kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, shi ya sa duk motsin dala sai mun ji a aljihu. Na fahimci wanda ya sayi ta hannu, ba don son ransa ba ne. Amma ku sani tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, kuma ba ka san abin da tayar ta gani kafin ta iso gare ka ba. In kuɗin ba su kai na MRF ko CEAT ko CST ba, sabuwa mai araha mai kwanan wata na kusa ta fi tsohuwa mai babban suna.

Tib kuma, sabuwar taya sabon tib. Tsohon ya riga ya buɗe, idan aka tura shi cikin sabuwa yana iya naɗewa ya tsage. Wili mai sifok galibi sai da tib, ko da an rubuta TUBELESS a jikin tayar. Ka tsaya a kan mai faci lokacin da yake ɗaurawa, in akwai kibiya a gefen tayar, ta fuskanci inda take juyawa idan kana tafiya gaba.

Iska a auna da geji da safe kafin taya ta yi zafi, a bar wannan matsawa da babban yatsa. A ƙananan baburanmu galibi wajen 25 ne a gaba, 28 a baya, 32 idan da goyo, amma bi abin da kamfanin mashin ɗinka ya rubuta. Masu manyan babura suna rage iska idan za su shiga yashi, wasu samarinmu na kwaikwayo. Da tib a ciki da lodi a baya, rami ɗaya ya isa wili ya datse tib ɗin, ko tayar ta zame ta tsinke bawul.

Yaushe za a sauya? A cikin ramin zanen akwai ɗan tudu, a gefe za ka ga alamar TWI ko ƙaramar dala tana nuna inda yake. Ranar da zanen ya yi daidai da wannan tudun, tayar ta gama aiki. Wanda zai sauya a bana, ya yi kafin ruwa ya zauna a watan Yuni.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.