Yunwa da makullin rumbu: Tambayar da tarzomar Azare ta bari

A ranar Litinin 5 ga Agustan 2024 gwamnatin Bala Mohammed ta sanya dokar hana fita ta sa'o'i 24 a Ƙaramar Hukumar Katagum, bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe a Azare aka far wa gine-ginen gwamnati. Azare ce babbar kasuwar arewacin Jihar Bauchi, inda garuruwa irin su Hardawa a ƙasar Misau ke kai kaya su sayo kaya. Idan aka rufe ta, mai talla da ɗan dako da mai faci su ne farkon waɗanda tukunyarsu ke kwana ba wuta.

Ƙurar ta lafa, amma muhawarar da ta taso a majalisu tana nan. Wasu na cewa kayan gwamnati kayan jama'a ne, wanda yunwa ta kora ya ɗiba haƙƙinsa ya ɗauka. Wasu kuma na cewa sata sata ce, ko da wane suna aka kira ta.

Yunwar dai ba ƙage ba ce. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 farashi bai zauna ba, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a watan Yunin 2024. A watan Maris na shekarar, cikin azumi, mata da yara sun rasa rayukansu a turereniyar karɓar zakka a garin Bauchi. A watan ne kuma aka fasa rumbun abinci na hukumar Birnin Tarayya a yankin Gwagwa, tafiya kaɗan daga sakatariyar da ake rubuta takardun rabon tallafi.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Bauchi ke bi, bai kau da kai daga wannan matsala ba. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo labarin bayin Haɗib da suka sace taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Sayyadina Umar ya fara ba da umarnin a yanke musu hannu, sai ya lura cewa ubangidansu na barinsu da yunwa. Nan take hukuncin ya juya: ya tambayi kuɗin raƙumar, aka ce dirhami 400, ya ɗora wa ubangidan biyan 800. Malik da kansa ya nuna cewa ba a yin aiki da ninka kuɗin a Madina, amma inda Umar ya kai dubansa shi ne abin lura. Bai ce mai raƙuma ya haƙura ba, domin dukiyarsa halal ce, sai da aka biya shi. Bai kuma ce abin da bayin suka yi daidai ne ba. Ya nemo wanda ciyarwa ta rataya a wuyansa ne, ya miƙa masa lissafin.

Da wannan ma'auni, uzurin lalura ƙaramin fili ne ƙwarai. Yana karɓar wanda ya ci abin da zai tsayar da ransa, ba ya karɓar wanda ya ɓalle ƙofa da taga, ko ya sungumi kwamfuta kamar yadda aka gani a cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa NCC a Kano ranar 1 ga Agusta. Kujerar ofis ba ta maganin yunwa. Mai shago a Azare da ya tara jarinsa daga kwanon gero zuwa buhu, shi ma ba shi ya janye tallafi ba.

Sai dai ma'aunin yana da kaifi biyu, kuma na biyun ya fi dacewa da Abuja. Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya umarci gwamnati da kada ta bari dukiya ta taru a hannun 'yan tsiraru, ta kuma tabbatar da wadataccen abinci ga kowa. Amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta wannan alkawari, alhali sashe na 43 da na 44, masu kare mallaka, ana iya shigar da ƙara a kansu gobe da safe. Mai dukiya yana da alƙali, mai yunwa sai dai ya jira zaɓe. Tun a littafin Kitabul Farƙ Shehu Usman Ɗanfodiyo ya lissafa ƙwace dukiyar talakawa da karɓar gaisuwa cikin ɗabi'un sarakunan da ya yaƙa, kuma a ƙarƙashin tutarsa ne Malam Zaki ya kafa Katagum.

Talaka ba ya ƙin mai arziki don arzikinsa. Ya san Alhajin da ya fara da fatauci, ya kuma san ma'aikacin da albashinsa ba zai sayi ƙofar gidan da ya gina ba. Yana kuma bin labarai. A Janairun 2024 aka dakatar da Ministar Jinƙai Betta Edu kan zargin neman a tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum, kuma a takardar ofis aka rubuta buƙatar, ba da dutse aka fasa ƙofa ba. A ranar 1 ga Nuwamba kuwa aka gurfanar da yaran da aka kamo lokacin zanga-zangar a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin kowannensu naira miliyan 10. Sai da hotunansu suka zagaya duniya kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su.