Hirar Masu Kwarashi A Galadi

A Galadi, cikin ƙasar Shinkafi, ba a saƙa leshi irin na Turai, amma akwai kwarashi, watau 'yar ƙugiyar nan da mata ke saƙa hular jarirai da bakin zanen gado da ita. Bayan Azahar maƙwabta sukan taru a tsakar gida, kowace da ƙullin zarenta. Ƙanwa ta tambayi yayarta abin da ya sa gefen saƙarta ke tattarewa, a ce mata ai ta cika jan zare ne. Wata ta nuna hular da launinta ya zuba tun wankin fari, a sha dariya tukuna, sa'an nan a gaya mata irin ulun da za ta guje wa.

Amma fa maganar da ta fi nauyi ita ce ta zare. Ƙasar auduga ce, jirgin ƙasa ma ya iso Ƙaura Namoda tun 1929, duk da haka zaren saƙa sai an sayo a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis. Da gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako a 2021 saboda 'yan bindiga, uwar da ke shirin aurar da 'yarta sai dai ta warware tsohuwar saƙa, ta sāke sabuwa da zaren.