Yadda Sojan Roba Ke Komawa Kuku

A Ingila da Japan akwai manyan mutane masu gemu da iyali da ke kashe yammacinsu a kan tebur suna haɗa tankokin yaƙi da jiragen sama na roba, irin na kamfanonin Airfix da Tamiya. A cikinsu akwai waɗanda abin da ke cikin kwali bai ishe su ba. Sai su ɗauki ɗan sojan da aka sayar musu, su yanke shi, su sake masa kama, ya koma wani mutum daban. Irin wannan aiki ne ya fi burge ni, musamman idan wanda ake son fitarwa kuku ne na talabijin, kamar Gordon Ramsay, wanda ya shahara da yi wa masu girki tsawa a shirin Hell's Kitchen.

Sikelin da Tamiya ya yi suna a kansa shi ne 1/35, wato an rage komai sau 35. Mutum mai tsayin santimita 175 zai dawo santimita 5, kansa kuma bai fi ƙwayar wake ba. To, a nan gizo ke saƙa. Wa zai sassaƙa fuskar Ramsay a kan abu kamar wannan?

Ni a ganina ba a fuska kamannin yake ba. Idan ka riƙe ɗan mutumin nan santimita 30 daga idonka, daidai yake da ka hango mutum daga nisan kusan mita 10. Daga can ba ka ganin ƙwayar ido, amma kana gane ɗan'uwanka da tsayuwarsa. Ramsay kuwa tsayuwarsa sananniya ce: hannu harɗe a ƙirji, gashi a hargitse, goshi a tattare, farar riga mai guntun hannu. In ka samu waɗannan, ka gama da rabin aiki.

Masu wayo sukan fara da sojan tankar Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, domin rigarsa mai ninki ce a ƙirji kamar ta kuku. Da reza ake kankare ɗamara da lambobin soja, a bi da samfefa. Sannan a datse kai da hannuwa, a huda, a cusa siririyar waya, a lanƙwasa yadda ake so. Gibin da ya rage ana cike shi da Milliput, wani ƙullu da ake yi a ƙasar Wales. Sanda biyu ne, a gutsuro daidai wa daida a murza su tare, cikin 'yan sa'o'i ya daskare kamar dutse. Kafin nan ana lallaɓa shi da jiƙaƙƙen tsinken sakace, a ja gashi da bakin allura, a tsaga layi biyu ko uku a goshi. Kada a wuce haka, in ba so ake ya koma kakan Ramsay ba.

Wani lokaci tsayi ne sirrin. Julia Child, Ba'amurkiyar da ta fara shirin The French Chef a 1963, tsayinta ya kai santimita 188. Sai an datse ƙafafun an ƙara kusan milimita 4, in ba haka ba kowace mace ce da tukunya.

Fenti ne ke tona asirin mai gaggawa. Farar riga ba a zuba mata fari fat. Ana fara shafa ruwan toka mai haske, a bar shi a cikin ninki da hammata, sai a taɓa fari a kafaɗa da ƙirji inda haske ke sauka. Maɓallai ɗigo-ɗigo ne da bakin tsinke. Ido kuwa siririn layi mai duhu ya wadatar, domin duk wanda ya sa masa fari, kukun zai fito a firgice kamar shi ake wa tsawar.