Baƙuwar da Ba Ta Sallama: Abubuwan Mamaki Game da Ƙwayar HPV

Akwai ƙwayar cutar da likitoci ke cewa kusan duk wanda ya san kwanciyar aure sai ta ziyarce shi ko da sau ɗaya ne, kuma galibi ta shigo ta fita bai sani ba. Sunanta HPV. Ba ma ita kaɗai ba ce, dangi ne guda: sun haura iri 200, kuma wajen 40 daga cikinsu ne ke zama a al'aura da baki da maƙogwaro.

Sirrin saurin yaɗuwarta shi ne ba ta jiran jini ko maniyyi kamar ƙanjamau. Fata ta gogi fata, magana ta ƙare. Shi ya sa kwaroron roba ke rage ta amma ba ya tare ta duka, tunda akwai inda bai rufe ba.

A birnin Siyatil na Amurka an bi diddigin 'yan mata ɗaliban jami'a waɗanda namiji ɗaya tak suka taɓa sani. Sakamakon da aka fitar a 2008 ya nuna cewa cikin shekara guda da fara saduwa, kusan kashi 29 cikin 100 sun kamu. Kafin shekara uku ta cika, an doshi rabi. Namiji ɗaya fa!

A nan ne nake son a ɗan tsaya, domin wannan batu ya isa ya raba aure a banza. Mace ta je asibiti, gwaji ya nuna tana ɗauke da ƙwayar, maigida ya haɗe rai ya ce, “Ina kika samo ta?” To, Malam, babu gwajin da zai amsa maka wannan tambaya. Ƙwayar takan kwanta luf shekara da shekaru ba ƙaiƙayi ba ciwo, kuma ba ta zuwa da takardar shaidar ranar da ta shiga ko sunan wanda ya kawo ta. Mai yiwuwa tun auren fari ne, nasa ko nata. A gidan da ke da mata biyu ko uku kuwa, duk ɗakin da girki ya kai maigida, can ita ma take iya kwana. Abin haushin, mace ake gwadawa. Namiji ba shi da wani gwajin yau da kullum da ake yi masa. Alhali wani babban nazari da aka wallafa a 2023 ya gano cewa kusan namiji ɗaya cikin uku a duniya, daga ɗan shekara 15 zuwa sama, yana ɗauke da ita.

Wanzamai, ga taku: a gundumar Rakai ta Yuganda an gano cewa kaciya ta rage wa maza kamuwa da nau'o'in masu haɗari da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ragi ne dai, ba laya ba.

Labari mai daɗi: tara cikin goma na waɗanda suka kamu, jikinsu ne ke korar ta da kansa cikin shekara biyu, ba magani ba allura. Wadda ta ƙi fita ita ce masifa. Nau'i na 16 da na 18 su biyu kaɗai ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa, kuma ba sa gaggawa: sai su yi shekara 15 zuwa 20 suna aiki a ɓoye. Na 6 da na 11 kuwa tsiro suke fitarwa a al'aura, mai tayar da hankali a ido amma ba ya zama sankara. Wanda ake gani ba shi ne mai kisa ba.

Tun kafin a san da wata ƙwaya, wani likitan Italiya mai suna Rigoni-Stern ya zauna da littattafan mace-macen birnin Berona. A 1842 ya bayyana cewa matan coci da suka keɓe kansu ba sa aure ba kasafai sankarar mahaifa ke kashe su ba, saɓanin matan aure da zawarawa. Ya hango hayaƙi, sai da aka yi shekara 140 kafin a ga wutar. Bajamushe Harald zur Hausen da abokan aikinsa ne suka zaƙulo nau'i na 16 a 1983, na 18 a 1984, lokacin da yawancin masana ke zargin wata ƙwayar daban. Ya karɓi kyautar Nobel a 2008.

Zomo mai ƙaho kuwa ba ƙaryar mafarauta ba ce. A 1933 Richard Shope ya binciki zomayen daji na Amurka masu ƙahoni a ka, ya tarar tsiro ne da wata 'yar'uwar HPV ke haddasawa.

A Indunisiya an yi wani mutum da ake kira mutum-bishiya. Wata larurar gado ta hana jikinsa yaƙi da ƙwayar, sai tsiro ya rufe hannuwansa da ƙafafunsa kamar ɓawon itace. A 2008 likitoci suka yanke masa wajen kilo shida. Ya sake tohowa.

Henrietta Lacks, wata baƙar fata a Baltimo, ta rasu a 1951 tana da shekara 31 sanadin sankarar bakin mahaifa. An ɗebi ɗan nama daga ciwon ba da saninta ba, kuma ƙwayoyin halittar nan sun ƙi mutuwa. Har yau ana kiwonsu a ɗakunan bincike na duniya, da su aka gwada rigakafin shan inna, kuma HPV nau'i na 18 na nan a cikinsu.

Ruwan khal ma kayan aiki ne wajen gano wannan sankara da wuri. Ma'aikaciyar lafiya ta shafa shi a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari.

Ita kuwa allurar rigakafin HPV, dabara ce irin ta mutum-mutumin gona. Ian Frazer da Jian Zhou, a Jami'ar Kwinsland ta Ostireliya, sun ƙera ƙoƙon ƙwayar ba komai a ciki; jiki ya gan shi ya ɗaura ɗamara, alhali ba abin da zai iya harba. An amince da allurar a 2006. Ruwanda ta riga sauran ƙasashen Afirka a 2011. Najeriya, wadda aka ƙiyasta ta rasa mata wajen 8,000 a 2020 saboda wannan sankara, ta fara a watan Oktoban 2023, allura ɗaya ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Iyaye kan tambaya me ya haɗa yarinya 'yar firamare da cutar ma'aurata. Dalilin shi ne allurar ba ta korar ƙwayar da ta riga ta shiga, ƙofa kawai take rufewa, don haka tun kafin a kai lefe ake yin ta.