Ƙwayoyin Nano da Sankarar Fata: Illa Ta Ragu, Tsawon Rai Kuwa da Saura

A shekarar 1995 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Doxil. Ba sabon sinadari ba ne. Tsohon maganin sankara ne, doksorubisin, aka ɗura shi cikin 'yan mitsi-mitsin kumfar kitse, kowace faɗinta kusan nanomita 100, alhali kaurin silin gashin mutum ya kai nanomita kusan 80,000. Cutar da aka fara ba shi izinin yaƙa kuwa ita ce sankarar Kaposi, wadda ke fesowa a fatar masu ƙanjamau. Daga nan masu bincike suka yi ca a kan wannan dabara.

Babban abin da ya jawo su shi ne ɓarnar maganin kimo, wato irin su doksorubisin. Ba ya tantance mai laifi: duk ƙwayar halittar da ke saurin hayayyafa sai ya far mata, shi ya sa gashi ke zubewa, ɓargo ya kasa ƙera jini, baki ya yi gyambo. Doksorubisin har zuciya yake nakasawa idan ya taru a jiki. Ga kuma melanoma, mafi kisa cikin sankarorin fata, wadda daga 1975 aka daɗe ana yaƙar ta da maganin dakarbazin, amma cikin majinyata goma da ƙyar ƙarin mutum ɗaya ko biyu ke motsewa.

A 1986 wasu masana biyu a Japan, Matsumura da Maeda, suka nuna wata kafa. Jijiyoyin jinin da ƙari ke yi wa kansa ginin gaggawa ne, duk yoyo. Ƙwayar nano ba ta iya ratsa bangon lafiyayyar jijiya, amma tana zurarewa ta waɗannan ramuka ta taru cikin ƙarin. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba: tsohon magani da wa'adin mallakarsa ya ƙare, idan aka sake masa riga, ya zama sabuwar haja mai sabon farashi.

To, me aka samu? A kan Kaposi an yi dace, domin ƙari ne da jijiyoyin jini suka yi masa yawa, maganin yana samun hanyar shiga. Ya daɗe yana zagayawa a jini, bai kuma cika taɓa zuciya ba. Sai dai illar ba ɓacewa ta yi ba, wuri ta sauya: tafin hannu da tafin ƙafa su yi ja, su kumbura, wani lokaci su saɓule.

Melanoma ce ta ƙi ba da kai. An gwada Abraxane, wato maganin kimo faklitaksel da aka lulluɓe da furotin ɗin jini, a kan majinyata 529, aka kwatanta shi da dakarbazin. Ya riƙe cutar na tsawon wata 4.8, tsohon maganin kuwa wata 2.5. Amma da aka zo kan tsawon rai, wata 12.6 ne da 10.5, tazarar da a lissafin masana ba ta isa hujja ba. A 2016 kuma ayarin Warren Chan na Jami'ar Toronto ya tattara binciken shekara goma da aka yi a kan dabbobi, ya gano cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 ne kacal na ƙwayoyin da aka yi allurarsu ke isa ga ƙarin. Hanta da saifa ke tace mafi yawansu. Kuma ƙarin da aka dasa wa ɓera cikin 'yan makonni ya fi na mutum yoyo, abin da ya sa nasarorin ɗakin gwaji da dama suka sha ruwa da aka kai su asibiti.

Ana cikin haka aka sha gaban kimo ɗungurungum. Daga 2011, da zuwan ifilimumab, sai femburolizumab da nibolumab a 2014, magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki suka karɓe ragamar jinyar melanoma. Abin mamaki, nan ne ƙwayoyin nano suka sami sabon aiki. A ƙarshen 2022 kamfanonin Moderna da Merck sun sanar cewa allurar mRNA da ke cikin ƙwayar kitse, haɗe da femburolizumab, ta rage haɗarin dawowar cutar ko mutuwa da kashi 44 cikin 100 a gwajin mataki na biyu. Abin ɗaukar kayan na nan, kayan ne ya canza.

Inda lamarin ya shafe mu shi ne Kaposi, domin Afirka kudu da Sahara ce ta fi ko'ina yawan masu ita, kuma nan ne tsadar doksorubisin mai rigar kitse ta hana akasarin majinyata samunsa. Wani gwaji da aka yi a ƙasashen Afirka da Brazil, aka buga a 2020, ya nuna faklitaksel na yau da kullum, haɗe da maganin ƙanjamau, ya fi haɗin biliyomaisin da binkiristin da aka saba bayarwa. Ga asibitocinmu, samar da wannan a kai a kai, da gano miki da wuri a fatar zabiya ko a tafin ƙafa, sun fi jiran ƙwayoyin nano ceton rai a yanzu.